Faya-fayan Blues na Dauri: Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk wanda yake son sanin yadda blues, salon waƙa da kiɗa na baƙar fatar Amurka, ya taso daga gonakin auduga na jihar Misisipi har ya mamaye gidajen rediyon Amurka da Ingila, ina ba shi shawarar ya fara da faifan Muddy Waters mai suna The Complete Plantation Recordings, wanda aka fitar a 1993. Waƙoƙin da ke ciki Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, ne ya ɗauke su a 1941 da 1942 a gonar Stovall, kusa da garin Clarksdale, domin ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A lokacin Muddy ma'aikacin gona ne mai tuƙa tarakta, bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar murya ba.

Abin da ya fifita wannan faifai a wurina shi ne, ba waƙa kaɗai mai saye zai samu ba, har da hirar da Lomax ya yi da mawaƙin, inda za ka ji shi da bakinsa yana ambaton wani mawaƙin blues, Son House, a matsayin wanda ya koyi salon kiɗa a wurinsa. Za ka ji yadda Muddy yake zura wuyan kwalba a yatsa yana jan shi a kan tsirkiyar jita, har jitar ta riƙa amsa masa kamar muryar mutum ta biyu. A 1943 ya bi sahun dubban baƙar fatar kudu da suka yi ƙaura zuwa Shikago, ya rungumi jita mai lantarki domin a ji shi cikin hayaniyar mashaya, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin gonar nan ce ya sabunta a 1948 ta sa ya yi suna. Idan ka haɗa faifan da tarin waƙoƙinsa na kamfanin Chess, ka riƙe zaren labarin tun daga kunyar auduga har zuwa samarin Landan da suka ɗauki sunan ƙungiyarsu, Rolling Stones, daga wata waƙarsa ta 1950.

Cikakken tarin Robert Johnson na 1990, mai ɗauke da waƙoƙi 29 da ya yi a 1936 da 1937, yana da kyau ƙwarai, amma hoton mutum ɗaya ne, kuma tatsuniyar da aka lulluɓe shi da ita, wai ya sayar da ransa ga Shaiɗan, ta fi ƙarfin sabon mai sauraro. Jerin tsofaffin waƙoƙin da kamfanin Document ya sake fitarwa na masu bincike ne. Bessie Smith kuwa, wadda ta fara da kamfanin Columbia a 1923, bayan Mamie Smith ta buɗe kasuwar a 1920, ta cancanci zama saye na biyu, domin mata ne suka fara sa kamfanoni suka yarda cewa blues haja ce mai riba.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen mawaƙan kamfanin Paramount, irin su Charley Patton da Ma Rainey da Blind Lemon Jefferson. Paramount reshe ne na wani kamfanin ƙera kujeru a jihar Wiskonsin, ya buga faya-fayan garmaho da kaya marasa inganci, kuma yawancin ƙarafan asali da ake buga su da su sun salwanta. Saboda haka kusan duk abin da ake sayarwa yau an kwafo shi ne daga tsofaffin faya-fayan da allura ta riga ta ci. Na taɓa sayen wani tari mai araha da aka rubuta a bayansa cewa an wanke sautin tas, sai na tarar sun goge ƙarar allurar tare da kaurin muryar Patton, da bugun da yake yi wa jikin jitarsa, abin da ya rage ba shi da rai ko kaɗan. Tarin da kamfanin Yazoo ya fitar kuwa ya bar ƙarar, amma ya bar mawaƙin.

Kafin ka biya kuɗi, ko a shago ko ta intanet, ka juya bayan faifan ka duba. Idan ba a rubuta shekarar da aka ɗauki kowace waƙa da garin da aka ɗauke ta ba, ka ajiye shi. Wasu 'yan damfarar sukan liƙa hoton mawaƙi yana saurayi a bango, alhali abin da ke ciki maimaici ne da ya yi da tsufa, wasu kuma sukan cusa waƙar wani a ƙarƙashin sanannen suna. Duk wanda ya ce yana da asalin faifan garmahon Patton a farashi mai sauƙi, ka nemi lambar kamfani da hoton fuskokin faifan biyu tukuna.