Injiniyan da ya rage wa sabarmu cin RAM a Jos: aikinsa ya yi, amma da gyara

Duk mai ajiye kwamfutocin kwaikwayo da yawa cikin saba guda (babbar kwamfuta mai yi wa wasu hidima), irin waɗanda 'yan sana'ar ke kira VM, kuma RAM, wato ma'ajin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai, na yawan ƙare masa, ya nemi mai duba masa saitin katin sadarwa kafin ya shiga kasuwa. Wani matashi da ke da ɗan shago a wajen Terminus ne ya yi mana wannan aiki a cibiyar koyar da kwamfuta da nake kula da ita a Titin Bauchi, ga kuma abin da na gani.

Sabarmu tsohuwa ce, RAM ɗinta gigabait 32, muna gudanar da Proxmox, manhajar sarrafa VM, a kanta, kowane ɗalibi da VM ɗinsa, guda 20. Da zarar aji ya cika sai komai ya kama jan ƙafa. Ana ta ba ni shawarar in sayo ƙarin RAM, alhali kowa ya san yadda dala ta mai da farashin kayan saba.

Bai taɓa komai ba sai da ya auna. Ya shiga ɗaya daga cikin VM ɗin Linux, ya buga ethtool, umarnin da ke nuna saitin katin sadarwa, ya juyo da allon gare ni. Wanda ya fara haɗa sabar ya ba kowane kati layuka 4 na karɓar bayanai, ya kuma ɗaga gurabun kowane layi zuwa 1024, alhali QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'urorin VM, kan bar su a 256. Direban virtio, wato manhajar da ke tafiyar da katin a cikin VM, yana cika waɗannan gurabu da ma'aji tun kafin bayanai su iso, kamar mai jera kujerun biki tun baƙi ba su zo ba. Ko an zauna ko ba a zauna ba, filin ya tafi. Ya yi lissafin a bayan rasit: layi 4 sau 1024 sau kilobait 4, wato har megabait 16 a kati ɗaya. Kowace VM na da kati biyu, ashirin ɗin sun kai megabait 640. Da layi ɗaya mai gurbi 256, kati ba zai wuce megabait 1 ba, haka kuwa ya mai da su.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne bai kambama aikinsa ba. Ya ce, “Malam, wannan zai dawo maka da kusan rabin giga ne kawai. Babban mai cin yana wani wuri.” Ashe ZFS ne, tsarin ajiyar fayilolin sabar, wanda a tsohon saiti yake iya riƙe rabin RAM gaba ɗaya. Sai daga Proxmox 8.1, a 2023, sababbin girkawa suka fara taƙaita shi a kashi 10 cikin 100, tamu kuwa ta girme haka. Ya sa masa iyaka, nan ne gigabait masu yawa suka dawo. Da wani ma'aikacin ne, da ya haɗa duka ya ce sihirin direba ne.

VM ɗin Windows kuma ya raba su da e1000, mai kwaikwayon tsohon katin Intel, ya sa musu virtio. Wannan ya fi sauƙaƙa wa farosesa fiye da RAM, ya kuma faɗa mini hakan. VM ɗin da ke raba intanet ga aji bai rage mata layuka ba, domin ita ce ke ɗaukar lodin kowa.

Rage gurabu ma yana da nasa farashin. Ranar da ɗalibai suka sauke babban fayil lokaci guda, VM ɗin da ke raba fayiloli ta fara zubar da fakiti, wato guntayen bayanai, saukewar tana tsinkewa. Na kira shi, ya duba daga shagonsa, ya mai da tata 512, bai ƙara karɓar ko kwabo ba. Sai dai da ya gwada da cikakken aji tun farko, da ba a kai ga haka ba.

Inda ya gaza ke nan: ya ce zai zo da safe, sai bayan Azahar ya iso, dole na sallami ajin yamma saboda sai an kashe kowace VM an kunna. Mafi muni, bai bar rubutu ba. Na ce, “Injiniya, ina takardar abin da ka canza?” Sai ya turo mini saƙon murya a WhatsApp, da ƙarar janareta a bayansa. Mutumin da zai gaje ni a wannan aiki ba zai karanta saƙon murya ba.

Kuɗinsa bai kai na sandar RAM ɗaya ba. Idan VM biyu ko uku gare ka, kada ka wahalar da kanka, ribar ba za ta taka kara ta karya ba. Idan sun kai goma sha, kira irinsa, amma ku yi magana tun kafin ya fara: rabin kuɗi yanzu, rabi ranar da ya kawo jerin saitin da ya taɓa a rubuce.