Wasiƙa Daga Zanzibar Zuwa Ga Yayana

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Saƙonka ya iso, na ji kana so ka kawo iyali hutu nan Zanzibar idan an rufe makarantu, kana kuma tambayar abin da ake gani da yadda kaya da hidima suke. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Tsibirin nan kasuwa biyu gare shi. Akwai wadda aka shimfiɗa wa baƙo, ta manyan otal da motoci masu sanyi da shagunan tsaraba, akwai kuma wadda mutanen gari ke ci suna sha a cikinta. Sau da yawa kayan iri ɗaya ne, farashi ne ya sha bamban. Shawarata ita ce kada ka yi ƙyashin biya inda ake sayar maka da sani da tsaron rai, wato jagora da matuƙin jirgin ruwa. Amma abinci da kayan ƙamshi da yadi, bi sawun mutanen gari.

Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun da ta haɗe da Tanganyika a Afrilun 1964, sai dai tana da shugabanta da majalisarta, kuma ko daga Darussalam kuka taso sai an duba fasfo a tashar jirgi. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma Unguja ce kusan kowa ke nufi idan ya ce zai je Zanzibar. Jirgin ruwa mai gudu yana ɗaukar kamar awa biyu daga Darussalam, yana da tsabta da kujeru masu kyau, kuma yana tashi a kan lokaci. Kuɗin baƙo daban, na mazauni daban, wannan a rubuce yake. Ku sayi tikiti a tagar kamfani, kada ku miƙa kuɗi ko jaka ga masu tare mutane a bakin ƙofa. Tun daga Oktoban 2024 an wajabta wa kowane baƙo sayen inshorar tafiya ta gwamnatin Zanzibar, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar, kuma ta intanet ake biya kafin a taso.

Ku fara da Tsohon Gari, wanda suke kira Mji Mkongwe. Da duwatsun murjani da farar ƙasa aka gina shi, lungunansa ƙanana ne har mota ba ta shiga yawancinsu, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. A nan ne nake so ka ɗauki jagora mai katin shaida na hukuma, domin mutum zai iya wuni yana yawo bai san abin da yake wucewa ba. Dubi ƙofofi kawai. Ta Larabawa mai kusurwa huɗu ce, an sassaƙa aya ko addu'a a samanta. Ta Indiyawa kuwa kanta a lanƙwashe yake, jikinta cike da manyan ƙusoshin tagulla masu tsini. Jagora nagari zai tsayar da ku ya nuna muku sassaƙen sarƙa da na furen ruwa da na kifi a gefen ƙofa, ya gaya muku abin da maigidan ke son a sani game da shi. A bakin teku akwai Ngome Kongwe, ganuwar da Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Beit al-Ajaib yake, gidan da Sarkin Zanzibar Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya samu lantarki a tsibirin. Wani sashensa ya rushe a Disamban 2020, don haka ku sa rai da kallonsa daga waje.

Wurin da ba na so ku tsallake shi ne tsohuwar kasuwar bayi a Mkunazini. An rufe ta a 1873, aka gina coci a kan filin. Ana saukar da mutum wasu ɗakuna biyu na ƙarƙashin ƙasa, rufinsu ya yi ƙasa har sai ka sunkuya, tagoginsu 'yan tsaga ne a bango. A waje akwai gumakan mutane biyar a cikin rami, sarƙa a wuyansu. Kuɗin shiga kaɗan ne, kuma bayanin da aka jera a ɗakin nuni an yi shi da kulawa. Ka kai manyan yaran, ka ba su lokaci su karanta.

Da magariba kowa na gangarawa lambun Forodhani, inda masu abinci ke jera tebura a bakin ruwa. Wurin na da daɗin zama, amma ka tambayi farashi kafin a zuba maka, kuma ka zaɓi abin da aka dafa a gabanka, don tsiren kifin da aka jera tun da rana ɗumama shi kawai ake yi. Abin da na fi so a can shi ne ruwan rake: a tura sandar cikin injin hannu tare da citta da lemun tsami, a tace maka a kofi. Sai urojo, wani romo mai kauri da ɗan tsami, launinsa rawaya saboda kurkum, ana zuba masa dankalin turawa da soyayyen rogo da ƙwai da tsinken nama. Abincin rana kuwa, ƙananan gidajen abinci na cikin gari sun fi na otal araha nesa ba kusa ba, kuma a bakina sun fi daɗi, musamman filau da biryani da kifi a miyar kwakwa.

Ranar da za ku je gonar kayan ƙamshi a Kizimbani ko Kidichi, ita ce nake ganin uwargida za ta fi jin daɗi. Sarkin Oman Seyyid Said, wanda ya maido da fadarsa daga Maskat zuwa nan a wajen 1840, shi ya matsa a shuka kanumfari, har tsibiran suka zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Yau Pemba ce ke noma mafi yawa. A gonar, saurayi zai yanko ɓawon itacen kirfa ya ba ka ka sunsuna, sannan ya murje ganyensa, sannan ya tono saiwarsa, kowanne da ƙamshinsa daban, saiwar har tana buɗe hanci kamar man zafi. Zai fasa gyaɗar ƙamshi ka ga jan zare ya nannaɗe ƙwayar. Zai nuna maka masoro yana hawa jikin wata bishiya, ya bayyana maka cewa kore da baƙi da fari duk daga tsiro ɗaya suke, lokacin tsinka da yadda aka sarrafa ne suka raba su. Ka ba samarin nan ihsani da hannu sake, don da shi suke rayuwa. Sai dai sayayya mai yawa ka bari sai kasuwar Darajani, wadda take ci tun 1904. A can ana auna kanumfari da kirfa da kilo, a gona kuwa 'yan ƙananan ƙunshi ne masu tsada. Za'afaran ba a nomansa a tsibirin, don haka idan an miƙo maka shi da araha ka yi hattara. A bayan Darajani ne kuma ake sayar da kanga, zanen matan nan da ake sayarwa bibbiyu. Kowanne da karin magana a rubuce a gefensa, wasu addu'a ne wasu habaici, saboda haka a karanta muku kafin ku sayo wa wani tsaraba.

Yanzu teku, wanda shi ne yara ke ɗoki. Kafin ka kama ɗaki, san wane gefe kake so, don hoton otal ba ya nuna wannan. A arewa, Nungwi da Kendwa, ruwa ba ya janyewa da nisa, ana iya wanka kusan kowane lokaci, amma akwai cunkoso da kiɗa da dare, kuma ɗakuna sun fi tsada. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin yashi, abin kallo ne. A gabas, Paje da Jambiani da Bwejuu, ruwa na janyewa sau biyu a yini, wani lokaci ya yi nisan da sai ka hango shi can kamar zare. Wasu baƙi na jin haushin haka, ni kuwa shi na fi so. Idan ruwan ya ja, mata na shiga da kwanduna zuwa gonakinsu na ciyawar teku, sana'ar da ta kafu a nan tun ƙarshen shekarun 1980. Za ka ga turaku a jere, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, mace na zaune cikin ruwa iya ƙugu tana ɗaure 'yan rassa ɗaya bayan ɗaya. Suna shanya ta, wasu ƙungiyoyinsu kuma na yin sabulu da man shafawa da ita. Idan za ka sayi sabulun, saya a hannunsu. Yara su sa takalman roba, akwai wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke ɓuya tsakanin duwatsu.

Maganar jirgi ita ce wadda na fi damuwa da ita. Samari za su yi ta tare ka a bakin yashi suna tayin kai ku kusa da tsibirin Mnemba kallon kifaye masu launi, ko yawon faɗuwar rana, a farashi mai sauƙi. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma kafin ka sa yaro a kwalekwale, ka ga rigunan kariya da idonka, ka ƙirga, ka tabbata akwai daidai jikin ƙananan. In babu, ƙara kuɗi ka bi mai rajista. Tsibirin Changuu kusan rabin awa ne daga gari. An gina kurkuku a can a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cuta. Yanzu manyan kunkuraye ne ke zaune, zuriyar waɗanda aka kawo kyauta daga tsibiran Seshel a 1919, wasu sun haura shekara ɗari. A dajin Jozani kuwa akwai jan biri da babu irinsa ko'ina sai Zanzibar, kuma kuɗin shiga ya haɗa da jagora. Kizimkazi an san ta da kallon dabbar dolfin, sai dai ba na son yadda wasu jirage ke rufar musu da gudu. Abin da zai kai ni can shi ne masallacin Dimbani, wanda tsohon rubutun Larabci irin na Kufi da ke kusa da mihrabinsa ke ɗauke da shekarar Hijira 500, wato 1107.

Ta fuskar addini hankalinka zai kwanta. Kusan duk mutanen tsibirin Musulmi ne, masallaci ba ya nisa, naman gari na yanka ne. Manyan otal na bakin teku dai ana sayar da giya, shigar wasu baƙin kuma ba za ta yi muku daɗi ba, don haka ƙaramin masauki na iyali a Jambiani ko cikin gari zai fi dacewa da ku.

Sauran hidima a taƙaice. Daladala, motar haya mai benci a baya, tana da araha sosai amma a cushe take, ba ta dace da mai yara da jakunkuna ba. Tasi ba ta da mita, a gama ciniki kafin a shiga, kuma kada ka dogara da manhajar kiran mota kamar yadda ake yi a Darussalam. Kuɗinsu shilin ne, babbar takarda ita ce ta 10,000, kuma na'urar cire kuɗi ta fi yawa a gari, saboda haka ka cira kafin ku tafi ƙauye. Idan za ka zo da dala, ta zama sabuwar bugawa, tsofaffi ana ƙin karɓarsu. Biyan kuɗi ta waya, irin su M-Pesa, ya shiga ko'ina har wurin mai kayan miya, kuma da fasfo ake rajistar layi. Lantarki ta ƙarƙashin teku yake zuwa daga babban yankin ƙasar, har ya taɓa yankewa wata uku daga Disamban 2009, don haka tambayi masauki ko suna da janareta. Ruwan gora za ku sha, magunguna kuma ku saya a gari. An hana ledar zuba kaya a Tanzaniya tun Yunin 2019, kada ku shigo da ita. Murjani da ƙoƙon kunkurun teku ma kada ku saya, doka ta hana fita da su.

Ku guji Maris zuwa Mayu, lokacin babban ruwan sama ne. Yuni zuwa Oktoba ya fi sanyi da bushewa, sai dai iskar kudu na kaɗa jirgin ruwa, mai jin jiri ya tanadi magani. Biza ita ce za ka fara da ita, domin masu fasfon Najeriya da Nijar ba a ba su a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewa, kuma kada ka sayi tikiti kafin ta fito. Kowa ya riƙo katin rigakafin shawara. Da zarar ka tsayar da wata, turo mini in fara duba masauki.

A gaishe mini da Hajiya da uwargida da yara.

Ƙaninka.