Hayar keke zuwa Lamingo da Duwatsun Shere: ku tambayi motar kafin ku biya

Duk wanda ya ga tallar nan ta masu ba da hayar keken hawa dutse da ke yawo a WhatsApp, wadda aka rubuta wai akwai ɗan jagora, akwai ruwan sha, akwai kuma motar da ke bin mahaya a baya ko da wani abu ya faru, to ya karanta wannan kafin ya tura musu ko sisi. Ba zan kama suna ba. Mutanen Jos sun san su, kuɗin ma kun san shi.

Hanya biyu gare su. Gajeriyar ta Rayfield ce, a zaga tsofaffin kududdufan kuza a dawo. Doguwar kuwa daga wajen Dam ɗin Lamingo take tashi, ta bi gindin Duwatsun Shere, ta ratsa ƙauyukan Afizere, sannan a juyo ta ɓangaren Dam ɗin Liberty. Ita muka ɗauka a watan Satumba, ni da ƙanen matata da ya zo hutu daga Kano.

Tsakani da Allah, kekunan sun yi. Giya na shiga ba gardama, birkin na faranti ne, yana kamawa ko a kan tsakuwa, sirdin bai ci mutum. Hular kwanon ce dai ke warin gumin wani, amma wannan da sauƙi. Hanyar ita kanta babu abin cewa. Da safe hazo na kwance a kan ruwan dam, ga layin bishiyoyin turare, ga gonakin dankalin Turawa da kabeji da acca an kewaye su da shingen ƙerana, shanun Fulani na tsallaka hanya sai ka tsaya sun gama wucewa. Mu da muke zaune a garin nan ba ma ganin waɗannan, kullum muna tsakanin Terminus da Farin Gada a cikin hayaƙin Keke Napep. Sai dai hawan ba wasa ba ne. Jos kanta tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800. Ba ƙololuwar ake hawa da keke ba, amma ko gindin ya isa ya nuna wa mutum iyakarsa. Baƙona da ya saba da shimfiɗar Kano, tun hawan farko ya fara haki yana cewa iskar garinmu ba ta ƙosar da huhu.

Ɗan jagoran yaro ne mai ladabi, ya san kowace ƙaramar hanya, yana gaisawa da manoma da harshensu. Da a nan abin ya tsaya, tauraro biyar zan ba su in ƙara da addu'a.

Muna cikin gangarowa daga wani tudu, nesa da kwalta, tayar bayan keken baƙona ta yi faci. Faci ba abin faɗa ba ne, kowa ya hau keke ya san shi. Yaron ya buɗe jaka ya zaro tib, sai ga shi na taya mai lamba 26, alhali kekunan da aka ba mu masu lamba 29 ne. Na ce to a liƙe na ciki. Babu gam, babu robar faci. Famfo fa? Ya ce yana mota. Na ce to kira motar. Ya kira, waya a kashe. Ya sake kira, a kashe. Na ce masa, “Kai, faɗa min gaskiya, akwai motar nan kuwa?” Ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Yallaɓai, sai mutane sun kai goma Oga yake sa mata mai.” To a ina aka rubuta haka a tallar? Kuɗin da muka biya har da na mota a ciki, da bakinsa mai karɓar kuɗin ya lissafa min.

Ana haka hadari ya haɗo ta gabas. Wanda ya san ruwan Jos ya san ba ya sallama, kuma a kan duwatsu tsawa ce abin tsoro. Muka dinga tura kekuna a jan laka, ƙafa na zamewa, laka na cushewa tsakanin taya da ƙarfe har sai ka tsaya ka sa tsinke ka ƙwaƙule. Ruwan ya same mu a fili, mai sanyi kamar an kwaso shi daga firij. Baƙona da rigar ƙwallo kawai ya fito, haƙoransa har karo suke. Ni kuwa tunanina ɗaya ne, me zan gaya wa yayarsa in ya kwanta da zazzaɓi.

Wani dattijo mai facin babur a bakin wani ƙauye ne ya fitar da mu. Ya sa mu a rumfarsa, ya ciro tib ɗin ya tsoma a ruwa, ya gano hujin, ya kankare ya liƙe. Sai wata sabuwa ta taso: bakin iskar tib ɗin siriri ne, irin na kekunan tsere, famfonsa kuma na babur ne mai faɗin baki. Na ce, “Baba, yanzu ya za mu yi?” Ya ce, “Ɗana, zauna ka sha iska.” Ya yanko guntun tiyo, ya cusa a bakin, ya ɗaure da roba, ya sa jikansa bugawa yana dannewa da yatsa har tayar ta tashi. Matarsa ta kawo mana gwate da zafinsa, ya sha yakuwa da gauta, ban taɓa jin daɗin gwate irin na ranar ba. Abin da ya nema na aikinsa ko kuɗin ruwan roba biyu bai kai ba, sai da na matsa ya karɓi ƙari. Shi ne ya cancanci kuɗin motar, ba su ba.

A hanyar dawowa har na huce. Rana ta fito, duwatsu sun wanku, na ce a raina tsautsayi ne, a bar shi. Muna isa shagon sai ga wata takarda: wai mun wuce lokacin dawo da keke, akwai tara ta kowace awa, kuma akwai kuɗin wanke laka. Katin shaidata na hannunsu tun safe a matsayin jingina, suka ce ba za a ba ni ba sai na biya. A nan ne raina ya ɓaci da gaske. Na ce wa mai shagon, “Malam, motarku ba ta zo ba, tib ɗinku ba na keken ba ne, ni na biya mai faci daga aljihuna, yanzu kuma ni ne da tara?” Ya ce shi dokar kamfani yake bi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda ya juya kan yaron nan yana zaginsa a gabanmu, wai shi ya ɗauko tib ɗin da bai dace ba, bayan yaron ya riga ya gaya min jakar haka ake miƙa masa a rufe. Sai da wasu masu jiran haya suka sa baki aka yafe tarar, amma na wankin sai da na biya.

Saboda haka tauraro biyu, ɗaya na kekunan, ɗaya na yaron. Wanda zai je ya sa a buɗe jakar gyara a gabansa, ya duba lambar da ke jikin taya da ta jikin tib, ya ga famfo da idonsa, ya karɓi lambar direban ya kira tun yana shagon. Ya tafi da rigar ruwa in damina ce, ya kuma fita da sassafe, don ruwan ya fi saukowa bayan azahar. Sun ce manaja zai kira ni kan mayar da kuɗin motar. Na tura saƙo, an karanta, ba a amsa ba.