Bindigar auna zafi: wata shida ina aiki da ita a aji

Ranar da na fara shiga aji da ita, a gaban ɗalibai ta kunyata ni. Na ɗora butar silba a kan murhun gas na ɗakin gwaje-gwaje, ruwa ya tafasa har murfi yana rawa, na saita na'urar a jikin butar na ja kunama. Sai ga digiri 38 a fuskarta. Wata yarinya da ke layin gaba ta leƙo ta ce, "Malam, an sayar maka da matacciya." Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa har na fara tunanin inda na ajiye rasit.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ma'aunin zafi ne da ke awo daga nesa, ba ya taɓa abin da yake aunawa. Siffar ƙaramar bindiga gare shi, shi ya sa yara suka laƙaba masa sunan, ni ma na bi su. Wadda na saya ba ta da wani sanannen suna, irin ta masu gyaran injuna ce, ba ta asibiti ba. A jikin kwalinta an rubuta cewa tana aunawa daga digiri 50 ƙasa da sifili zuwa 380 a ma'aunin Salsiyas, kuma takan yi kuskuren digiri biyu sama ko ƙasa. Batir ɗaya take ci, kafin ƙiftawar ido ta ba da amsa.

Abin da ya sa na neme ta tun farko, wata tsohuwar matsala ce da nake fama da ita kowace shekara. Kalma ɗaya muke da ita, zafi, muna ɗora mata kaya biyu. Akwai matakin zafi, wanda ake faɗa da digiri, shi ne ke nuna yawan kai-kawon ƙwayoyin abu a matsakaici. Akwai kuma makamashin da ke tashi daga abu mai zafi ya koma mai sanyi, shi da jul ake ƙirga shi. Ɗalibi zai haddace wannan ya rubuta maka a jarrabawa daidai, amma ka tambaye shi tsakanin ƙarfe da katako wanne ya fi sanyi da safe, zai rantse maka ƙarfe ne.

A nan ne bindigar ta biya ni wahalata. Na sa kowa ya dafa saman teburinsa na katako, sannan ya kama ƙafar teburin ta ƙarfe mai fenti. Duka suka ce ƙarfen ya fi sanyi. Na miƙa wa wanda ya fi kowa gardama na'urar ya auna da hannunsa: katako 27, ƙarfe 27. Ya sake, ya koma wani tebur, ya sake. Ashe fatarmu ba digiri take ji ba, saurin fitar zafi daga jikinta take ji. Hannu ya fi teburin ɗumi, ƙarfe kuwa yana kwashe ɗumin nan ya wuce da shi cikin hanzari, katako ya riƙe shi a wurin. Jan ƙarfe ya ninka katako fiye da sau dubu wajen barin zafi ya ratsa shi. Na shekara da shekaru ina faɗar haka da alli, ban taɓa ganin ya shiga kai kamar ranar ba.

Haka muka yi da kofi da bokiti. Rubu'in lita na ruwa a digiri 80, ga lita 10 a digiri 40. Bindiga ta ce kofi ne a sama, ba musu. Sai muka koma allo da lambar da kowane ɗalibin kimiyya ya kamata ya riƙe: jul 4,186 ake bukata kafin kilo ɗaya na ruwa ya ƙara digiri ɗaya. Kafin su huce su dawo 27 na ɗakin, kofin zai saki jul kusan 55,000, bokitin kuma sama da 540,000. Na'urar ba ta san da wannan ba, digiri kawai take gani, kuma sama-sama.

To, mu koma kan butar da ta ba ni kunya. Da daddare na zauna da takardar bayaninta, mai rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa, sai can ƙasa na ga layi ɗaya: an kafe ta a kan 0.95, ba a canzawa. Ga abin da ke ƙarƙashin lambar. Duk wani abu da ke duniya yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. William Herschel ne ya gano shi a 1800, da ya ajiye ma'aunin zafi gaba kaɗan da jan launi a hasken rana da ya rarraba da gilashi, ya ga ma'aunin ya hau. Wannan hasken na'urar ke kamawa, ta lissafa digiri daga ƙarfinsa. Sai dai ba kowace fuska ke fitar da shi da ƙwazo ɗaya ba, kuma awon wannan ƙwazon ne lambar, 1 shi ne cikakke. Katako, ruwa, fata, takarda, bango mai fenti, duk suna kusa da 0.95 ɗin nan. Gogaggen ƙarfe mai ƙyalli kuwa rowa gare shi, yakan sauka zuwa 0.1 ko ƙasa da haka, sauran abin da ke fitowa daga jikinsa na bango da rufi ne yake mayarwa kamar madubi. Ke nan ɗakin na auna a jikin butar, har da ni mai riƙe da bindigar.

Washegari na zo da baƙin salatif irin na masu wayarin. Na manna guntu a jikin butar, aka tafasa ruwa, na kira yarinyar nan. Ta saita a kan silba, 38. Ta matsa ɗan yatsa biyu zuwa kan salatif, 96. Ta dube ni ta ce, "Malam, buta ɗaya ce fa." Na ce ɗaya ce. Da a ce na tsara darasin da gangan, ba zai yi wannan armashi ba. John Leslie ya nuna irin haka tun 1804 da gwangwani mai kusurwa huɗu cike da ruwan zafi, gefe ɗaya baƙi, wani gogagge. Yanzu da gwangwani da fenti muke maimaita nasa. Daga nan ma ba sai na yi dogon bayani ba a kan dalilin da ya sa ake shafe cikin fulas da azurfa.

Duk da haka ban yafe wa masu ita ba. Abin da zai sa mutum ya ɗauka buta mai tafasa ɗumi-ɗumi ce har ya kai hannu, bai kamata a ɓoye shi a ƙasan takarda ba.

Akwai sauran ƙorafi. Jan ɗigon leza da take haskawa yana ruɗar mutane, su ɗauka wurin ɗigon take aunawa, alhali manuni ne kawai. Da'ira take kallo, kuma da'irar na faɗaɗa da nisa. Tawa 12 bisa 1 ce: in ka tsaya santimita 120 daga abu, faɗin santimita 10 take haɗawa ta ba ka matsakaici. Ka auna kan ƙusa mai zafi daga nesa, rabin amsar na tebur ne. Ita lezar dai na liƙe ta da salatif tun ranar da na kama wani yana haska ta a fuskar abokinsa. Murfin batir ɗin ma ya saki a wata na biyu, kuma maɓallin sauya Salsiyas da Farenhait a cikin gidan batir aka cusa shi, ko don me oho. In ka fito da ita daga mota mai zafi ka shiga ɗaki mai sanyi, sai ka ba ta kamar minti 20 ta daidaita, in ba haka ba shirme za ta riƙa rubutawa.

Ba ta gani ta cikin gilashi. Ka ɓoye hannu a bayan taga, zafin tagar za ta ba ka, amma ta cikin siririyar leda tana hango shi. Tururi ma yana dagula mata lissafi. Iska kuwa ba ta auna ta sam, don haka a darasin yadda iska ko ruwa mai zafi ke tashi sama mai sanyi ya maye gurbinsa, ba ta tsinana mini komai ba, sai da na koma wa tsohon ma'aunin gilashi. Shi ne kuma nake tsomawa in ana bukatar lambar da za a yi lissafi da ita, domin kuskuren digiri biyu ya yi yawa.

A kan ƙanƙara ta yi kyau. Muna kallo tana narkewa a faranti, lambar ta tsaya kusa da sifili ta ƙi motsi, alhali zafi na ta shiga, jul 334,000 ga kowane kilo, duk yana tafiya wajen narkarwa. Wani dare da gari ya washe na ɗaga ta sama, ta rubuta ƙasa da sifili sosai, da girgije ya gitta sai lambar ta hau.

Malamin da ke shawarar saye, ya saya, amma ya nemi wadda ake iya canza mata 0.95 ɗin, kuma ake iya kashe lezarta. Tawa ba ta da ko ɗaya, don haka na ɗaure ƙullin baƙin salatif da zare a mariƙinta, tare suke shiga aji.