Katun na Barkwanci: Wanne Ya Cancanci Gurbi a Mimorinka?

A ƙauyukan da ke cin kasuwar Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, katun ba kasafai yake shiga gida ta intanet ba, domin data tana da tsada, sabis kuma ba ya tsayawa. Mutum yakan miƙa mimorinsa ga mai shagon caji da tura fina-finai, ya biya, a zuba masa. Sai dai masu shaguna da yawa sukan tara duk wani zane mai motsi wuri guda su ce na yara ne, alhali wasu don manya aka shirya su, kuma dariyarsu ta rataya ne a kan shaguɓe ga fina-finai da mawaƙa da 'yan siyasar Amurka. Abin da ya kamata mai saye ya auna shi ne dariyar da za ta rage masa idan aka cire shaguɓen da bai san tushensa ba.

The Simpsons ne ya fi kowanne cika da irin wannan shaguɓe. Matt Groening ya ƙirƙire shi, ya fara da gajerun zane a 1987, ya zama cikakken shiri a tashar Fox a Disambar 1989, kuma yanzu ya haura kashi 750. Groening ya ba Homer da Marge, uba da uwar iyalin da ke cikin shirin, sunayen iyayensa, 'ya'yansu Lisa da Maggie kuma na ƙannensa mata. A wani kashi na 1991 Michael Jackson ya yi muryar wani mutum amma aka rubuta sunan aro a madadin nasa, a wani na shekarar 2000 an ambaci Donald Trump a matsayin wanda ya taɓa shugabancin Amurka shekara goma sha shida kafin a zaɓe shi, a 2015 kuma an yi kashi a kan wata gimbiya 'yar Najeriya mai suna Kemi. Wanda ya san waɗannan zai ci riba biyu. Wanda bai sani ba ma ba zai tashi hannu rabbana ba, domin ƙashin bayan labarin iyali ne: uba malalaci mai son ci, uwa mai haƙuri, yaro marar jin magana, yarinya mai ƙwaƙwalwa da ba a saurarenta. Wannan kowa zai gane shi.

Akwai abu biyu da za a lura da su kafin a biya. Na farko, barkwancin da yawa a rubuce yake. A buɗewar shirin ana nuna Bart, yaron gidan, yana horo a aji, yana maimaita jimla guda a kan allo, jimlar kuma takan canza daga kashi zuwa kashi. Haka allunan shaguna da kanun jaridu suke wucewa cikin ƙiftawar ido. Idan aka matse hoton don ya ci gurbi kaɗan, rubutun ya kan dusashe a ƙaramar waya, rabin abin da aka saya ya tafi ke nan. Gara kashi goma masu kyan hoto da hamsin masu hazo. Na biyu, Homer mashayi ne, kuma mashayar Moe tana cikin wuraren da labari ya fi zama. A 2005 tashar MBC ta juya shirin zuwa Larabci, Homer ya koma Umar, giyarsa ta koma lemo, amma abin bai karɓu ba aka daina. Batun giyar ya isa ya nuna cewa ba shirin da za a bar wa yara ba ne. Ga babba mai jin Turanci, a nemi na shekarun 1990, waɗanda masu sharhi da dama suka fi yabawa.

Family Guy, wanda Seth MacFarlane ya fara a 1999, ya fi wahalar sha'ani. Salonsa shi ne a katse labari a tsakiya, a yi tsalle zuwa wani ɗan wasa na daƙiƙoƙi a kan wani tauraro ko tsohon shirin talabijin, sannan a dawo. Lamarin ya yi kama da wasan Fulani da Barebari: wanda ya san tushen wasan zai yi dariya, baƙo kuwa sai ya ɗauka zagi ne kawai. Idan aka cire shaguɓen, abin da ya fi saura batsa ce. A ganina asarar gurbi ne ga yawancin masu saye a nan. South Park, na Trey Parker da Matt Stone tun 1997, ya fi shi ɓacin baki, yana bin labaran makon da aka yi shi a Amurka, kuma ya sha yi wa addinai izgili, har da Musulunci. Kada a yarda ya shiga mimorin gida ko da a kyauta ne.

Futurama, shi ma na Groening daga 1999, labarinsa a shekara ta 3000 yake, shaguɓensa kuma na kimiyya da lissafi ne, har wani marubucinsa, Ken Keeler, ya gina hujjar lissafi ta gaske don warware labarin wani kashi na 2010. Zai yi wa ɗalibin jami'a daɗi, amma shi ma na manya ne.

Idan don gida ne, inda yara da iyayensu mata za su kewaye waya guda bayan sallar isha'i, zaɓin ya koma ga waɗanda ba sa buƙatar Turanci. Tom and Jerry na William Hanna da Joseph Barbera ya fara a 1940, ya ci lambar Oscar sau bakwai, yawancin kashinsa kuma kimanin minti bakwai ne, abin da ke da amfani ga mai tattalin caji. Shi ma yana da nasa shaguɓen, kamar kashin da Tom yake kaɗa fiyano da kiɗan Franz Liszt yayin da Jerry yake yi masa ɓarna daga cikin fiyanon, amma wanda bai taɓa jin sunan Liszt ba zai yi dariya daidai da wanda ya sani. A kula dai, wasu tsofaffin kashi suna da zanen da ke wulaƙanta baƙar fata. Katun ɗin Mr Bean, wanda ya fara a 2002, magana kaɗan ce a cikinsa. SpongeBob na Stephen Hillenburg, tsohon malamin ilimin halittun teku, ya fi su surutu, saboda haka ya fi dacewa da 'yan firamare masu koyon Turanci.

Mai dikoda, ko StarTimes ko GOtv, ya tambayi dillali ko kuɗin watan da zai biya ya haɗa da tashar yara irin Nickelodeon kafin ya biya. Mai mimori kuwa kada ya bar shago sai an buɗe masa kashi biyu ko uku a kan wayarsa, ɗaya daga farko ɗaya daga ƙarshen abin da aka tura, domin jabun mimori yakan nuna ya ɗauki komai, sai an je gida na ƙarshen su ƙi buɗewa.