Yawon ƙauyukan bakin ruwan Tiga da masu shirya tafiyar Asabar: ga yadda na gan shi

Masu tambayata ko tafiyar nan ta bakin ruwa da wasu samari ke shiryawa ta cancanci kuɗinta, amsata ita ce eh ta cancanta, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ba ƙarami ba ne. Tsarin dai mai sauƙi ne, ka tura kuɗin kujera ta waya, a saka ka a guruf ɗin WhatsApp, ranar Asabar da sassafe a haɗu a bakin titin Zariya wajen Na'ibawa a shiga bas. Sun ce ƙarfe bakwai, ba mu tashi ba sai da rana ta fito sosai, wannan kam ban ɗora musu ba duka, fasinjojin ne, kowa ya san halinmu.

Motar lafiyarta ƙalau, direban ba mai gudu ba ne. Hanyar kanta rabin kallo ce in lokacin rani ne, daga ka haye gadar Tamburawa ka doshi Kura sai kore shar hagu da dama, tumatir, albasa, alkama, ga kwandunan tumatir jibge a bakin titi ana lodi. Duk wannan ruwan Tiga ne ke tafe ta kanal yana shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Dam ɗin zamanin Gwamna Audu Baƙo aka yi shi, aka gama a 1974, a kan Kogin Kano, tsawon bangonsa ya kai kusan kilomita 6. Jagoran namu bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba, waƙa kawai ya ƙure mana a sifika. Wani dattijo malamin makaranta da ke kujerar gaba shi ya riƙa yi wa yara bayani, kuma da kuɗinsa ya shigo motar.

Kan dam ɗin an tsaya an yi hotuna, ruwa iya ganinka, ga duwatsu can gefe, iska mai sanyi. Yana da kyau ba musu, amma minti ashirin ya isa. Inda kuɗina ya fita shi ne ƙauyen masunta da aka kai mu bayan nan, hanya ce ta burji mai ƙura, motar na tafiya tana rangaji, har muka sauka ƙarƙashin wata tsamiya. Mun tarar jirage na dawowa daga su, ana juye karfasa da tarwaɗa da ƙurungu a kan buhu, mata da yara na fafe ciki suna wankewa, can baya hayaƙin banda na tashi. Wani dattijo na zaune yana ɗinke kalli da ya yage, hannunsa na aiki idonsa na kanmu, na durƙusa na ce Baba sannu da aiki, ya ce yawwa ɗana, an zo lafiya, ya mutanen birni. Daga nan hira ta ɓarke, ya nuna min bambancin kalli da ake shimfiɗawa a bar shi ya kwana a ruwa da birgi da ake wurgawa a jawo nan take, da ƙugiyoyin mamari jere a igiya ɗaya, ya ce in iskar hunturu ta taso ruwan ya yi sanyi kifi ƙasa yake yi, su sai ya yi wuya. Wallahi da za a bar ni nan zan wuni. Amma ina, ko rabin awa ba mu yi ba jagora ya fara tafa hannu wai a zo a tafi wajen hoto na gaba.

Nan ne matsalata ta farko da su. Ƙauye ba wajen ɗaukar hoto ba ne kawai, gidan mutane ne. Ba su kai mu mun gaida mai gari ko sarkin ruwa ba, wasu 'yan tafiyar suka dinga haska matan mutane da waya ba sallama ba izini, har wata baiwar Allah ta ja mayafi ta shige gida. Kalma biyu a cikin mota kafin a sauka da ta hana wannan.

Ta biyun ta fi girma, maganar kwale-kwale. A tallarsu sun rubuta akwai rigar ruwa, da aka zo shiga sai ga riguna 'yan kaɗan, ba su kai rabinmu ba, wai a yi haƙuri ai ba nisa za a yi ba. Na ce malam, ba nisa ke kashe mutum ba. Ɗan Kano bai manta da Bagwai ba, ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau, aka rasa sama da rai 20, akasari yara 'yan Islamiyya, kuma lodi ne ya yi yawa. Da muka dage sai aka raba mu kashi-kashi, masu riga su je su dawo su cire su ba na baya, ya ci lokaci amma haka ya kamata tun farko. Mai tuƙin kuwa gwani ne, shi da kansa ya ƙi ƙara mutum ko ɗaya. Sannan iyaye ku hana yara wanka a gefen da ruwa ke kwance da ciyayi, tsargiya a nan ake ɗaukar ta.

Abinci fa? Shinkafar da suka taho da ita a leda ta huce, naman ciki sai ka yi bincike. Ku bar ta, ku sayi kifi a hannun matan ƙauyen a soya muku nan take da yaji da albasa, ga fura da nono wajen 'yan Fulani, mai kauri ba a tsinka ta da ruwa ba. Bandar da na sayo ta fi ta kasuwar birni araha nesa ba kusa ba, sai dai ku riƙe tsabar kuɗi da canji, sabis na ɗaukewa, taransifa ba ta tafiya. Wajen alwala da salla ba matsala akwai masallaci, banɗaki ne mata suka sha wahala, sai da aka roƙi wani gida.

In za ku biya, ku tambaye su adadin rigunan ruwa da adadin fasinja kafin ku tura ko sisi, kuma ku ce a rage tsayawar kan dam a ƙara ta ƙauye. Sun ce wata mai zuwa ɓangaren Wudil za su yi, in sun gyara maganar riguna zan bi su.