FCS ko zumuntar ɗaliban ikilisiyarmu: amsa ga Mama wadda ɗanta zai shiga jami'a

Mama, barka da wannan abin farin ciki, Allah ya raya shi ya kuma ba shi fahimi. Kin ce ɗanki ya sami gurbin karatu a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a ECWA ya tashi kuma a can aka yi masa baftisma, sannan tun bai gama rajista ba mutum biyu sun fara jan hannunsa: abokinsa na sakandare yana cewa ya shiga FCS (Fellowship of Christian Students, ƙungiyar ɗalibai Kirista daga ɗariƙu daban-daban), fastonku kuma yana cewa ya nemi zumuntar ɗaliban ECWA. Kina so ki san wadda ta fi. Na yi shekara huɗu a cikin ta farkon lokacin da nake ɗalibi, har na riƙe mata sakatare, ƙanwata kuma a cikin irin ta biyun ta yi nata karatun, saboda haka zan ajiye miki su gefe da gefe yadda na san su.

Asalinsu ya bambanta, kuma asalin ne ya ba kowace halinta. An kafa FCS a shekarar 1957 a Gindiri, ta hannun malaman mishan na SUM (Sudan United Mission), domin ɗaliban makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai na Arewa, daga baya ta bi 'ya'yanta zuwa manyan makarantu. Tun ranar farko ba ta wata ɗariƙa ba ce, domin a aji ɗaya ana samun ɗan Angalikan da ɗan Baptis da ɗan Lutheran, kuma dole a samar musu wurin da za su yi addu'a tare. Tana da 'yar'uwa a wannan tsari, wato NIFES, wadda aka kafa a 1968 domin manyan makarantu kaɗai, tana kuma cikin ƙungiyar ɗalibai masu bishara ta duniya, IFES, wadda ta fara a 1947. Duk abin da zan faɗa game da FCS kusan ya shafi NIFES. Zumuntar ɗalibai ta ikilisiya kuwa reshe ce ta uwar ɗariƙa. ECWA tana da tata, wadda ake kira ESM, Baptis suna da BSF, Redeemed suna da RCF, Deeper Life suna da DLCF, 'yan Katolika kuma suna da NFCS tun 1956. Yawancin waɗannan sun yaɗu a jami'o'i ne bayan da ikilisiyoyi suka lura cewa yaran da suka tura karatu suna dawowa gida da wata irin koyarwa, wasu ma ba sa dawowa majami'ar iyayensu sam. Fargabar ba ta banza ba ce, domin harabar jami'a ta sha haifar da ikilisiyoyi sababbi. Ita kanta Deeper Life ta faro ne a 1973 daga nazarin Littafi Mai Tsarki da W. F. Kumuyi yake yi da mutane kaɗan a gidansa, lokacin yana koyar da lissafi a Jami'ar Legas.

Babban bambancin da nake so ki riƙe shi ne wanda yake riƙe da ragama. A FCS ɗalibai ne suke shugabancin kansu. Su ne suke tsara jadawalin zango, su gayyaci masu wa'azi, su jagoranci ƙananan rukunonin nazari, su riƙe asusu, kuma kowace shekara tsofaffin shugabanni su miƙa wa sababbi. Akwai malaman jami'a da suke tsaya musu a matsayin iyaye, akwai kuma ma'aikatan ƙungiyar masu zagaya makarantu, amma aikin yau da gobe yana wuyan yara 'yan shekara ashirin. Amfanin wannan yana da girma ƙwarai. A can na fara tsayawa gaban mutane na buɗe nassi, a can na koyi rubuta bayanin taro da karanta rahoton kuɗi, a can kuma na fara sasanta mutum biyu da suka saɓa, abubuwan da a ikilisiyarmu ta gida sai mutum ya yi furfura ake miƙa masa. Amma kowane allazi da nasa amanu. Yaro mai baki da farin jini yana iya hawa shugabanci alhali tushensa bai kama ƙasa ba, ya shekara guda yana koyar da abin da ya ji a bakin wani mai wa'azi na intanet, kuma kafin manya su ankara ya riga ya ja mutum hamsin a bayansa. Na ga haka da idona a shekarata ta uku, sai da iyayen ƙungiya suka zauna da shugabanni har sau biyu kafin abin ya daidaita.

A zumuntar ikilisiya ma ɗalibai ne suke riƙe muƙamai, sai dai akwai fasto ko limami da uwar ɗariƙa ta ɗora a kansu, kuma abin da ake koyarwa yana bin littattafan nazari da ka'idodin bangaskiya na ɗariƙar. Idan shugaba ya kauce, akwai wanda zai kira shi, akwai kuma majalisar da za a kai ƙara. Idan ɗanki ya shiga wata matsala, da wuya a kwana biyu labari bai iso ga fastonku ba, domin fastoci sun san juna. Ga uwa, wannan kwanciyar hankali ce babba, ni ma ban raina ta ba. Abin da ake biya a madadinta shi ne cewa yaro yana iya gama shekara huɗu yana jiran a gaya masa abin da zai yi, kamar yadda ya saba tun yana makarantar Lahadi.

Sai batun koyarwa, kuma a nan ne iyaye suka fi jin tsoro. FCS ta tsaya a kan abubuwan da masu bishara suka yarda da su baki ɗaya: ikon Littafi Mai Tsarki, ceto ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, sabuwar haihuwa, rayuwar tsarki da shelar bishara. Abubuwan da suka raba ɗariƙu kuwa ana barin su ga ikilisiyar kowa. Ɗanki da aka nutsar da shi cikin ruwa bayan ya tuba zai zauna a benci ɗaya da ɗan Angalikan ko ɗan LCCN, wato ikilisiyar Lutheran, daga Numan wanda aka yi wa baftisma yana jariri, da 'yar EYN (Ikilisiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) daga wajen Mubi wadda a ikilisiyarsu sau uku ake nutsarwa, ana kuma wanke ƙafafun juna, da wani wanda ba ya jin ya yi addu'a sai ya yi magana da harsuna. Ranar da ya fara jin cewa mutumin da yake ganin ya fi shi tsoron Allah bai yarda da shi a kan baftisma ba, zai girgiza, zai koma ɗaki ya buɗe Ayyukan Manzanni da kansa. A ganina wannan girgiza alheri ce ga yaron da ya sami tushe a gida, domin bangaskiyar da aka gada takan zama ta mutum ne bayan an tambaye shi dalili ya nema ya samu. Ga yaron da bai san ko me ya sa yake ECWA ba, girgizar tana iya kai shi inda ba ki so. Zumuntar ikilisiya tana zurfafa mutum a cikin koyarwar gidansu, tana shirya masu neman baftisma, kuma ta hannun fastonta ana ba da Jibin Ubangiji, abin da ƙungiyar da ba ikilisiya ba take bar wa majami'a. Ke kika san ɗanki, ke za ki iya cewa cikin biyun nan wane iri ne shi.

Harshe da salon sujada ba za su ɗauke mu lokaci ba. Taron FCS a jami'a da Turanci ake yin sa, domin akwai Bayarabe da Igbo da Tibi da Idoma, ko da yake ana jefa waƙoƙin Hausa ana kuma rawa da su sosai. A zumuntar ɗariƙun Arewa zai fi jin waƙoƙin da ya saba da su daga Littafin Waƙoƙi, zai ji ana gaisawa da Hausa ko da yaren garinsu, kuma ga wanda kewar gida ta kama a makonnin farko wannan magani ne.

A kan taimakon juna kowace tana da ƙarfinta. FCS tana da yawa, kuma yawa yana nufin cewa kusan a kowane sashe akwai ɗan aji uku ko huɗu da zai nuna wa sabon shiga yadda ake rajistar kwasa-kwasai, ya ba shi tsofaffin takardun jarrabawa, ya zauna ya koya masa darasin da ya gagare shi. Sai dai a cikin taron ɗaruruwa mai kunya yakan ɓace. Yana iya yin wata guda a kwance babu wanda ya lura, in dai bai shiga ƙaramin rukuni na ɗakin kwana ko na mawaƙa ko na masu addu'a ba. Zumuntar ikilisiya sau da yawa ƙarama ce, kowa ya san sunan kowa da garinsa, kuma lokacin da ƙanwata ta kwanta zazzaɓin taifot 'yan zumuntarsu ne suka kai ta asibiti suka yi jinyarta kafin mu iso. Ita ma ƙanƙantar tana da nata aibin, domin inda kowa ya san kowa magana ba ta kwana, kuma wani lokaci zumuntar takan rikiɗe ta zama taron 'yan gari ɗaya, har yaro ya gama digiri bai yi aboki ko ɗaya daga wata jiha ba. Akwai kuma lokacin da makaranta take rufe. A yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗan zumuntar ikilisiya ya koma gida ya tarar da irin sujadar da ya bari, ɗan FCS kuwa da bai riƙe igiyar majami'arsu ba ya zauna kamar baƙo.

Wani abu da ya kamata ki tambaya ko wacce ya shiga shi ne yadda take zama da maƙwabta. Ɗanki zai kwana ɗaki ɗaya da Musulmi, zai karɓi aron littafi a hannunsu, kuma su ma suna da ƙungiyarsu ta ɗalibai, MSSN, wadda ta girmi FCS da shekara uku. Mutanen Zariya ba su manta da watan Maris na 1987 ba, lokacin da saɓani a wurin wani taron wa'azi na ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi asarar rayuka aka ƙona wuraren ibada. Zumuntar da take koya wa yara su ba da shaida da ladabi, su kiyaye harshensu, su kuma bi dokar makaranta kan wuri da lokacin taro, ita ce mai hankali, ko wane suna take ɗauke da shi.

Idan shawarata kike nema, ga yaron da ya taso a hannun uwa irinki, ya haddace ayoyi ya kuma yi baftisma da saninsa, na fi karkata ga FCS ta zama gidansa na tsakiyar mako, ranar Lahadi ya yi sujada a majami'ar jami'a, wato Chapel of Redemption da ke Samaru, ko a wata ECWA da ke kusa, ya kuma kai takardar shaidar zama memba daga fastonku domin a san da shi. Ba laifi ya riƙa leƙa taron ɗaliban ECWA, musamman idan suna da babban taro, amma kada ya karɓi muƙami a wuri biyu. Na san wanda ya riƙe mawaƙa a nan, ya riƙe addu'a a can, ga kwanan addu'a kusan kowace Juma'a, har ya maimaita kwasa-kwasai uku ya ƙara shekara. Shugabannin da suka riƙa yaba masa ƙwazo babu wanda ya biya masa kuɗin makarantar shekarar. Idan kuwa kin san bangaskiyarsa tana rawa, ko mai saurin bin duk wanda ya fi shi murya ne, to maganar fastonku ta fi tawa, ya fara da ESM ko da na shekarar farko ne.

Kada ki matsa masa ya yanke shawara a makon farko. Ki bar shi ya halarci taron kowace sau uku ko huɗu, sannan idan kun yi waya ki tambaye shi abubuwa kaɗan: ko ana buɗe Littafi Mai Tsarki a bi nassi aya bayan aya, ko kuwa shaida da waƙa ne suke cinye lokaci, ko ana rage taruka idan jarrabawa ta matso, ko ana karanta wa membobi rahoton baikon da aka tara, ko kuma akwai babban mutum, malami ko fasto, wanda shugabannin suke jin maganarsa. Ki kuma tambaye shi sunan wanda zai fara kira idan ya kwana da ciwo, ki karɓi lambarsa ki ajiye.